Yankewar Wayar Iska a Kwamfutar Tebur: Musabbabi da Hanyar Bincike

GABATARWA

Garin Birniwa, wanda yake cikin ƙasar Haɗejiya a Jihar Jigawa, ya daɗe da sanin amfanin saƙon da ya fi ɗan aike sauri. Hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Kano ta isa Nguru a shekarar 1930 ta ratsa ta cikinsa, kuma a wancan zamani tasoshin jirgi da wayar tangaraho suke magana da juna. A yau kuwa, wasiƙar ma'aikacin ƙaramar hukuma da lissafin albashi da rajistar ɗalibi duk ta cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa suke bi, watau kwamfuta. Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, jami'o'i irin su ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa da ta Tarayya da ke Dutse su ma ta intanet ɗalibi yake biyan kuɗi ya yi rajista. Saboda haka idan sadarwa ta yanke a ofis, ko a shagon da ake cike wa ɗalibai takardu, wa'adi yana iya cika kafin ta dawo, ɗalibi ya yi asarar shekara, ko rahoton wata ya makara a hanyarsa ta zuwa Dutse.

Wannan lacca ta taƙaita ne a kan matsala guda daga cikin matsalolin sadarwa. Ita ce ta kwamfutar tebur wadda aka ƙera da wayar iska a jikin babban allonta, watau allon nan da masu gyara suke kira madabod, amma sadarwar takan kama ta saki, ko ta yi nauyi, ko kuwa a wayi gari alamarta ta ɓace ɗungum. Abin da aka saba shi ne a yanke hukunci nan take cewa allon ya lalace, a ɗora kwamfuta a mota zuwa Haɗejiya ko Kano, a biya kuɗin sabon allo, sa'an nan a dawo a tarar ciwon yana nan inda aka bar shi. An bar jaki an daki taiki ke nan. Abin da za a nuna a nan shi ne, babban allo shi ne wanda ya kamata a tuhuma a ƙarshe, bayan an wanke sauran waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya, kuma mafi yawan binciken ba ya bukatar ko sisin kwabo.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Wayar iskar da ake kira Wi-Fi rediyo ce ƙarama mai karɓa da aikawa. A shekarar 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta ba da izinin amfani da wasu zangunan rediyo ba tare da lasisi ba, a shekarar 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko mai lamba 802.11, wadda saurinta bai wuce megabit 2 a daƙiƙa ba, sa'an nan a shekarar 1999 aka laƙaba wa fasahar sunan Wi-Fi. Daga nan aka yi ta sabunta ƙa'idar, alal misali a shekarun 2003 da 2009 da 2013, kowane sabuntawa yana ƙara sauri.

Mai sauraron rediyo ya san gajeren zango mai mita 49, wanda yake tsallake ƙasashe ya iso Birniwa da dare. Wi-Fi kuwa yana aiki ne a zangon gigahaz 2.4 da na gigahaz 5, inda tsawon igiyar rediyo yake kimanin santimita 12.5 a na farko, da kimanin santimita 6 a na biyu. Ƙarfin da ake aika su da shi kuma kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka bango yana rage su, ruwa yana shanye su, ƙarfe kuma yana mayar da su baya. Ko a fili fetal, duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke isa ga mai karɓa yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango da nisan tafiya, na gigahaz 5 ya fi sauri da ƙarancin cunkoso, amma ya fi saurin gajiya a hanya.

Wajibi ne kuma a fahimci abin da ake nufi da cewa wayar iska tana jikin babban allo. A mafi yawan allunan wannan zamani, wani ɗan kati ne wanda bai kai faɗin akwatin ashana ba, an soka shi a wani rami mai suna M.2, an ɗaure shi da noti ɗaya, sau da yawa kuma an rufe shi da murfin ƙarfe a kusa da bayan akwatin kwamfuta. Kamfanoni irin su Intel da Realtek da MediaTek su ne suke ƙera shi, ba mai allon ba. Daga jikin katin wasu siraran wayoyi biyu suke fita zuwa ga wasu ƙusoshi biyu masu ruwan zinariya a bayan akwati, inda ake ɗaura eriya. Amfanin sanin wannan shi ne, ko da ta tabbata katin ya mutu, sau da yawa shi kaɗai za a canza, allon yana nan lafiya.

RABA LAIFI TUN DA FARI

Manomin fadamar Haɗejiya ya san cewa rashin isowar ruwa gonarsa yana da dalilai fiye da ɗaya. Mai yiwuwa ne ba a saki ruwa daga dam na Tiga, wanda aka gama a 1974, ko na Challawa, wanda aka gama a 1992 ba. Mai yiwuwa ne kuma an saki ruwan, ciyawar kacala ce ta toshe rafi a hanya, ko kuwa lambatun bakin gonarsa ne ya cike da laka. Ba zai fara da sayen sabon injin ban ruwa ba sai ya bi hanyar ruwan ya ga inda ta tsaya. Haka saƙon intanet yake. Yana tasowa daga manyan wayoyin ƙarƙashin teku ya shigo ta Legas, ya bi wayoyin kamfanin sadarwa zuwa turken da ke kusa da gari, daga turke ya shigo ɗan akwatin da ke rarraba intanet a ofis, wanda ake kira rauta, daga rauta ya ratsa iskar ɗaki zuwa eriya, daga eriya zuwa kati, daga kati zuwa manhajar kwamfuta. Kowace gaɓa a wannan sarƙa tana iya tsinkewa, kuma abin da mai aiki yake gani iri ɗaya ne, watau shafi ya ƙi buɗewa.

Abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, ya isa misali. A ranar wayoyin teku huɗu, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka sami matsala a gaɓar tekun Kwaddebuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma da dama, har ayyukan wasu bankunan Nijeriya suka tsaya. Alamar Wi-Fi a kwamfutocin ofisoshi ta ci gaba da nuna cikakken ƙarfi, domin kuwa abin da take aunawa shi ne tsakanin kwamfuta da rauta kawai. Wanda ya kwance kwamfutarsa a wannan rana ya wahalar da kansa a banza.

Saboda haka mataki na farko shi ne a ɗauko wayar hannu, a kashe datarta, a haɗa ta da rautar da kwamfuta take amfani da ita, a ajiye ta a kan teburin kwamfutar. Idan wayar ma tana yankewa a daidai lokacin da kwamfuta take yankewa, to, kwamfuta ta fita daga zargi, a koma kan rauta ko kamfanin sadarwa. A nan a duba ko data ta ƙare, ko ƙaramar rautar aljihu ce wadda ta yi zafi, ko ta shiga barci don tattalin batir, ko yawan na'urorin da ke kanta ya kai iyakar abin da take ɗauka.

Mataki na biyu shi ne gwajin da ake kira ping. A Windows ana buɗe baƙin allon umarni a rubuta ipconfig, a ga lambar rauta, wadda yawanci takan fara da 192.168. Sai a rubuta ping da wannan lamba, a ƙara -t a ƙarshe, domin kwamfuta ta yi ta sallama wa rauta ba tsayawa. A buɗe wani allon kuma a yi haka da lambar 8.8.8.8, wadda ta kamfanin Google ce. Idan rauta tana amsawa cikin 'yan milisakan kaɗan amma ta waje tana ɓacewa, laifin yana daga rauta zuwa waje. Idan rautar kanta ce take daina amsawa, laifin yana cikin ɗaki. Idan duka biyun suna amsawa amma shafuka ba su buɗewa da sunayensu, to, sashen da ke fassara suna zuwa lamba ne, watau DNS, ya sami tangarɗa. Idan kuwa lambar kwamfutar kanta ta fara da 169.254, alama ce ta cewa rauta ba ta ba ta lamba ba, ita ce ta raɗa wa kanta. Sai an tabbata laifin yana tsakanin rauta da kwamfuta sa'an nan a ci gaba da matakan da ke tafe.

ERIYA DA MAZAUNIN KWAMFUTA

Babu dalilin da ya fi yawa, kuma ya fi sauƙin magani, kamar rashin eriya. Kwamfutar tafi da gidanka tana da eriya a ɓoye a bayan gilashinta, shi ya sa jama'a suke zaton ta tebur ma haka take. Amma akwatin kwamfutar tebur na ƙarfe ne, kuma ƙarfe yana tare igiyar rediyo, saboda haka dole eriya ta fito waje. Sau da yawa takan zo a cikin kwalin allo a wata 'yar leda, wanda ya harhaɗa kwamfutar ya manta da ita, ko kuma tsohuwar kwamfuta ce da aka shigo da ita daga waje, eriyar ta ɓace a hanya. Abin da ke rikita mutane shi ne, kati marar eriya yana iya ganin rauta idan tana kusa, har ya haɗu da ita, sa'an nan ya yi ta saki. Don haka a leƙa bayan akwati. Idan ƙusoshin nan biyu masu ruwan zinariya a tsirara suke, an sami ɓarawo.

A ɗaura eriya biyun duka, a murɗa su da hannu har su zauna, kada a sa filaya. A lura kuma da irin bakinsu. Ƙusar da ke jikin kwamfuta tana da ɗan tsinke a tsakiya, eriyar da ta dace da ita kuma tana da rami. Eriyar rauta mai ɗaukar layin waya takan zo da tsinke, kuma zarenta yana iya hawa, sai tsinke ya haɗu da tsinke, ɗaya ya lanƙwashe. Wasu ƙananan kwamfutocin ofis kuwa eriyarsu tana manne a cikin robar gaba ko ta baya, kuma idan an taɓa buɗe su, siraran wayoyin da ke kan kati sukan fita daga maɓallansu ba a sani ba.

Bayan haka sai mazauni. An saba cusa kwamfuta a ƙarƙashin tebur, bayanta yana jingine da bango, kusa da kabad ɗin ƙarfe na fayil-fayil, rauta kuma tana ofishin shugaba a bayan bango biyu da ƙofar ƙarfe. A irin wannan hali akwatin kwamfutar shi kansa ya zama katanga tsakanin eriya da rauta. Katangar ƙasa mai kauri, irin ta gidajen ƙasar Haɗejiya, tana cin sigina sosai, balle da damina in ta sha ruwa, haka ma bangon siminti mai rodi a ciki. Maganin shi ne a ɗaga rauta sama, a sa ta a tsakiyar ginin, a nisanta ta daga kwanon rufi da tankin ruwa, sa'an nan a nemi eriya mai doguwar waya wadda za a iya ajiyewa a kan tebur. Ana auna ƙarfin sigina da wani ma'auni mai suna dBm, kuma akwai manhajojin wayar hannu masu nuna shi. Lambar tana zuwa da alamar ragi a gabanta: -50 ƙarfi ne mai kyau, -67 ya isa a yi aiki da kiran bidiyo, -80 kuwa ana gab da yankewa. Ragin 3 yana nufin ƙarfi ya koma rabi, ragin 10 kuma yana nufin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Da wannan ma'auni mutum zai ga da idonsa abin da matsar da eriya taku biyu yake haifarwa.

CUNKOSON ISKA

Zangon gigahaz 2.4 kamar kasuwa yake, kowa da bakinsa. An raba shi tasha 13 a mafi yawan ƙasashe, amma tasoshin suna hawa kan juna, uku ne kawai, watau 1 da 6 da 11, ba su taɓa juna. A sakatariya ko ɗakin kwanan ɗalibai, inda kowa ya kunna rabon data a wayarsa, na'urori sukan yi ta jiran juna, sigina yana da ƙarfi amma aiki ba ya tafiya. Na'urorin Bluetooth su ma a wannan zango suke, haka tandun lantarki mai ɗumama abinci, wanda yake aiki a gigahaz 2.45. A shekarar 2012 kamfanin Intel ya wallafa wani bincike da ya nuna cewa ramukan USB 3.0 da wayoyinsu suna fitar da ƙarar rediyo a daidai wannan zango. Waɗannan ramuka kuwa a bayan akwati suke, dab da eriya. Idan sadarwa tana yankewa duk lokacin da aka soka filashi ko faifan ajiya a baya, a mayar da shi ramin gaba a gani.

Idan rauta da kati suna da zangon gigahaz 5, kuma nisa bai yi yawa ba, a koma can. Wasu rautoci sukan ba zangunan biyu suna ɗaya, sai kati ya yi ta tsalle tsakaninsu, kowane tsalle kuma ɗan yankewa ne. A shiga saitin rauta a ba kowane zango sunansa, a ɗaure kwamfuta a kan guda. Har wa yau, tsarin tsaro na WPA3, wanda ya fito a 2018, ba kowane tsohon kati yake jituwa da shi ba. Idan kati yana ƙin karɓar kalmar sirri alhali daidai take, a gwada WPA2, amma kada a bar rauta a buɗe babu kalmar sirri da sunan gwaji a manta.

WUTA DA ZAFI DA ƘURA

Akwai dalilai uku waɗanda littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika ba su muhimmanci ba, alhali a arewacin Jigawa su ne a gaba. Na farko wutar lantarki. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka juya zuwa janareto, ko wutar ta yi ƙasa na ɗan lokaci, rauta takan mutu ta sake tashi, kuma tashin nata yana cin minti ɗaya ko biyu. Idan kwamfuta tana kan batirin UPS amma rauta ba ta kai, mai aiki ba zai ga kwamfutarsa ta mutu ba, sai dai ya ga intanet ta tafi, ya zargi kati. A sa rauta a kan batirin ita ma, domin wutar da take ci kaɗan ce. Abin soka ta a bango, wanda yawanci bolt 12 yake bayarwa, shi ma yakan gaji, rauta ta riƙa sake tashi ita kaɗai idan aiki ya yi mata yawa. Musanya shi da irinsa gwaji ne mai araha.

Akwai kuma wani sirri da ya shafi katin. Kwamfutar tebur ko an kashe ta, matuƙar wayarta tana soke a bango, wata 'yar wuta mai bolt 5 tana ci gaba da zagawa a allon. Idan kati ya rikice sanadiyyar rawar wuta, yana iya zama a rikicensa ko an sake kunna kwamfuta sau goma, har alamar Wi-Fi ta ɓace baki ɗaya. Maganinsa shi ne a kashe kwamfuta, a zare wayarta daga bango, a danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, a jira minti ɗaya, sa'an nan a mayar. Katuna da yawa da aka yi wa ta'aziyya sun farfaɗo ta wannan hanya.

Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yana wuce digiri 40, cikin ofis mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Katin yana zaune a ƙarƙashin murfin ƙarfe, kusa da sassan allon da suka fi ɗaukar zafi. Idan sadarwa tana lafiya da safe, ta fara ciwo bayan azahar, a buɗe murfin gefen akwati a sa fanka ta hura ciki na yini guda. In ciwon ya lafa, zafi ne. Na uku ƙura. Hazon hunturu yana toshe fankoki da ramukan iska, ya ƙara zafin ciki, da damina kuma ƙurar ta sha laima ta kawo tsatsa a bakin eriya, musamman a garuruwan bakin fadama. A fitar da kwamfuta waje a hure ta da bulowa aƙalla a ƙarshen hunturu. Amma a kula, busasshiyar iskar hunturu tana tara lantarki a jikin mutum, irin wanda ake jin ƙyas-ƙyas ɗinsa idan ana cire riga, kuma wannan ya isa ya kashe kati. Duk mai sa hannu cikin akwati ya zare wuta tukuna, ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa allo.

SASHEN MANHAJA

Kati ba ya aiki sai da wata 'yar manhaja mai yi masa tafinta da Windows, wadda ake kira direba. A cikin sashen Device Manager ana ganin sunan katin, kuma idan akwai alamar ruwan ɗorawa a kansa da lamba 10 ko 43, Windows tana nuna cewa ta kasa tayar da shi. A rubuta sunan katin daidai, a sauko da direbansa daga shafin kamfanin da ya ƙera shi ko na mai allon, ta wayar hannu ko ta wata kwamfutar, kafin a cire tsohon, domin wanda ya cire direba bai tanadi sabo ba ya rufe wa kansa ƙofa. A guji manhajojin da ke tallar gyara dukkan direbobi da dannawa ɗaya. Idan kuwa ciwon ya soma ne washegarin wani sabuntawa, komawa ga tsohon direba shi ne magani.

A wannan sashe akwai wani zaɓi da ke ba kwamfuta izinin kashe katin don tattalin wuta. Yana da amfani ga kwamfuta mai batir, ga ta tebur kuwa babu abin da yake jawowa sai yankewa bayan an ɗan bar ta. A cire shi. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai kuma tsarin saurin tashi, wanda yake sa kwamfuta ta adana halin da take ciki lokacin kashewa ta dawo da shi da safe, har da rikicin direba. Shi ya sa umarnin sake kunnawa ya fi kashewa da kunnawa wanke matsala. A duba kuma saitin BIOS, domin a wasu alluna ana iya kashe wayar iska daga can. Sa'an nan a dubi agogon kwamfuta. Ɗan batirin allo mai lamba CR2032, mai bolt 3, idan ya mutu kwanan wata yakan koma baya, shafuka masu tsaro su ƙi buɗewa, a ɗora wa Wi-Fi laifin da ba nasa ba. Umarnin netsh wlan show wlanreport yana fitar da rahoton kwana uku na kowace haɗuwa da kowace yankewa, da lokacinta da dalilin da Windows ta rubuta.

HUKUNCIN ƘARSHE

Idan duk waɗannan ba su warware matsalar ba, saura gwaji biyu. Na farko, a tayar da kwamfuta da manhajar Linux daga filashi, ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. Idan sadarwa ta zauna daram na sa'o'i, kati lafiyarsa lau, laifin na Windows ne. Na biyu, a ari ƙaramin Wi-Fi na sokawa a ramin USB, a kashe na ciki, a yi aiki a wuri ɗaya da rauta ɗaya. Idan na aro ya zauna, na ciki kuma yana saki a Windows da Linux duka, an kama mai laifi da hujja. A nan mai gyara zai zare katin, ya goge bakinsa, ya mayar, ya tabbatar siraran wayoyin sun zauna. In bai yi ba a canza shi. A lura wajen saye: katin Intel AX200 yana shiga alluna iri-iri, amma AX201, duk da kamarsu ɗaya, yana aiki ne kawai da wasu allunan Intel masu tsarin CNVi. A je kasuwa da sunan allon a rubuce.

KAMMALAWA

Ruwa ba ya tsami banza, kuma yankewar da ake cewa ba ta da dalili yawanci dalilinta yana da lokaci. Saboda haka kayan aikin da ya fi kowanne amfani a wannan bincike shi ne littafi da biro. A rubuta ranar da sa'ar kowace yankewa, da ko wutar gari ce ko janareto, da mutum nawa ne a kan rauta, da abin da aka canza. A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, domin wanda ya canza biyar a tare, ko ya dace bai san wanne ne ya yi magani ba, gobe in ciwon ya dawo sai ya koma farko. Jami'in da ke sa hannu a takardar sayen kaya yana da haƙƙin neman wannan rubutu kafin ya amince a sayi sabon allo, domin kuɗin na jama'a ne, kuma kwamfutar da aka jingine a sito da sunan ta lalace wataƙila eriya kawai ta rasa.

Daga ƙarshe, ya kamata a tuna cewa an ƙirƙiro wayar iska ne domin na'urorin da ke yawo, kwamfutar tebur kuwa a girke take. Kebul na Ethernet yana kai saƙo har mita 100 ba tare da bango ko cunkoso ko laima sun dame shi ba, kuma kusan kowane babban allo yana da raminsa. Duk kwamfutar da albashin ma'aikata ko rajistar ɗalibai suka rataya a kanta, a ja mata kebul daga rauta, a bar wayar iska ta zama ta ko-ta-kwana.